Wasannin dabaru na kwamfuta masu zuwa: me za a sa rai da shi, me ya kamata a roƙa?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, na daɗe ina buga Civilization da Total War, kwanan nan kuma na tsunduma cikin wasannin kamfanin Paradox. Kullum sai na ji ana cewa wasa kaza na nan tafe, ƙari kaza ya kusa fitowa. Me kake hasashen zai zo? Kai kanka me kake fatan gani? Kuma in riƙa sayen sabon wasa da zarar ya fito, ko in dakata?"

Ɗan'uwa, madalla da wannan tambaya. Bari in fara da hasashe, don shi zai buɗe mana sauran.

Yawancin jita-jitar da kake ji buri ne kawai aka sa masa rigar labari. Mutum yana son abu, ya yi ta faɗa, wani ya ɗauka ya ce ai ya ji daga majiya mai tushe. Ni hanyar da nake bi guda ɗaya ce, kuma ta daɗe tana yi mini aiki: idan sabon wasa ya fito, sai in ajiye shi kusa da wanda ya gada, in duba abin da aka cire. Abin da ya ɓace yau, shi za a kawo maka gobe da sunan ƙari, wato sabon kayan da ake sayarwa daban a ɗora a kan wasan. Civilization V ya fito a 2010 babu addini babu leƙen asiri, alhali na huɗu yana da su duka biyu bayan ƙarin da aka yi masa. A 2012 sai ƙarin Gods & Kings ya dawo da su. Civilization VI ya fito a 2016 babu majalisar duniya, babu cin nasara ta hanyar diflomasiyya, sai a Gathering Storm na 2019 aka mayar da su, har da sauyin yanayi a kai. Crusader Kings III ya fito a 2020 ba tare da makiyayan dawaki na tsakiyar Asiya ba, ba tare da wani tsarin mulki na musamman ga daular Rumawan Gabas ba. Roads to Power ya kawo wa Rumawan tsarinsu a 2024, Khans of the Steppe ya kawo makiyayan a 2025. Ba wai kullum mugunta ce ke sa a yi haka ba. Tsohon wasa ya kwashe shekara bakwai ko takwas ana jibga masa kaya, sabon kuwa daga tushe aka soma shi, kuma ba kamfanin da zai iya sake gina aikin shekara takwas kafin ya sayar da kwafi ɗaya. Amma ko mene ne dalili, sawun a bayyane yake.

To mu bi sawun a kan Civilization VII, wanda ya fito a Fabrairun 2025. An raba wasan zamani uku: na dā, na buɗe tekuna da gano ƙasashe, sai na zamani. Na ukun yana tsayawa ne wajen tsakiyar ƙarni na 20, daidai lokacin harba mutum na farko sararin samaniya da gwajin bam mafi muni. Babu intanet, babu yaƙin cacar baka yadda ya kamata, babu ɗumamar yanayi. Duk wanda ya buga na biyar da na shida ya san akwai shekaru sittin zuwa saba'in na tarihi da aka bari a waje. Hasashena shi ne zamani na huɗu zai zo a babban ƙari, ko kuma a miƙa na ukun ya kai har yau. Addini ma an sassauta shi ƙwarai, ya zama aikin tura masu wa'azi gari-gari, don haka ina sa ran za a sake masa gini. Ƙasashe kuwa ba sai an yi dogon nazari ba, tunda Birtaniya kanta ba ta cikin wasan ranar fitowa, sai bayan 'yan makonni aka sayar da ita daban tare da Kartaj.

Amma abin da ya raba kan masoya wasan ba rashin zamani na huɗu ba ne, canjin ƙasa ne. Ka fara da Masar, zamani ya juya, a ce ka zama Abbasiyawa ko Songhai, ya sake juyawa ka zama wata ƙasar. Shugabanka, ko Sarauniya Amina ce ko Ibn Battuta, yana nan, amma al'ummar ta sauya suna da kama. Humankind ya gwada irin wannan a 2021, mutane da yawa suka ce ba sa jin cewa ƙasar tasu ce. Na fahimci abin da Firaxis, kamfanin da ke ƙera Civilization, ke gudu. Su da kansu sun faɗa cewa 'yan wasa da yawa ba sa kai wasa ƙarshe, don da zarar ka yi gaba ka yi gaba ke nan, sauran juyi (zagayen wasa) ɗari biyu danna maɓalli ne kawai. Sun so a riƙa share fage lokaci-lokaci a sake tsere. Ciwon na gaskiya ne, maganin ne ya yi ɗaci. Wanda ya kwashe awa shida yana gina rundunarsa da biranensa ba ya son hannun da ba a gani ya zo ya dakatar da yaƙin da yake gab da ci. Shi ya sa a watannin da suka biyo baya masu buga na shida a Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, suka fi masu buga na bakwai yawa. Kamfanin ya bayyana a ƙarshen 2025 cewa yana gwada hanyar da mutum zai riƙe ƙasa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ina ganin wannan gyaran ya fi duk wani sabon shugaba da za su sayar muhimmanci. A Firaxis akwai tsohuwar ƙa'ida da ake dangantawa da Sid Meier, wanda ya ƙirƙiro Civilization: kashi ɗaya cikin uku na sabon wasa ya zama tsohon abin da aka sani, kashi ɗaya gyararre, kashi ɗaya sabo fil. A na bakwai sabon ya rinjayi ma'aunin, ƙarin da zai zo aikinsa ya daidaita shi.

Paradox tasu hanyar daban ce. Su wasa ɗaya gona ce da ake nomawa shekara goma. Europa Universalis IV ya fito a 2013, magajinsa bai zo ba sai Nuwamban 2025. Hearts of Iron IV da Stellaris duk 'yan 2016 ne, har yanzu ana yi musu ƙari. Saboda haka kada ka sa ran jin sabon lamba a kansu da wuri, muddin tsohon na kawo kuɗi. A Crusader Kings III, tunda All Under Heaven ya buɗe taswira har Sin da Japan a 2025, giɓin da ya rage a fili shi ne jamhuriyoyin 'yan kasuwa irin su Venis da Jenowa, waɗanda Crusader Kings II ya ba da damar bugawa tun 2013, sai kuma zurfafa sha'anin addini da malamansa. Nan zan sa idona. Europa Universalis V kuwa ya fara daga 1337, ya zo da lissafin jama'a dalla-dalla, kowane yanki da manomansa da attajiransa da malamansa. Injin yana da zurfi, amma ƙasashe ɗaruruwa ne a taswirar, kuma ba kowace ce ke da labarinta na kanta ba tukuna. Don haka ƙarin shekarun farko, a ganina, yanki-yanki zai riƙa zuwa: yau wannan daula, gobe wancan gaɓar teku.

Ga burina a kan Paradox, kuma ina roƙonsa da gaske: kada a kulle ginshiƙin wasa a cikin ƙarin kuɗi. A Europa Universalis IV an taɓa sa bunƙasa larduna, wanda kusan komai na tattalin arziki ke rataye a kansa, cikin Common Sense na 2015, sai daga baya aka mayar da shi kyauta. Illar ba a aljihu kaɗai take ba. Idan tsari yana cikin ƙarin da rabin 'yan wasa ba su saya ba, masu ƙera wasan ba za su iya ɗora wani sabon tsari a kansa ba, don dole wasan ya yi aiki ga mai shi da marar shi. Sai ka ga wasa ya cika da maɓallai ashirin da ba ruwan wani da wani, kowanne yana ba ka ɗan ƙarin kashi biyar cikin ɗari na wani abu. Stellaris ya nuna hanya mafi kyau a 2021, da aka ware rukunin ma'aikata aikinsu kawai su koma kan tsofaffin ƙari su gyara su, su ɗinke su da sababbi. Da kowane wasa mai dogon rai zai sami irin wannan rukuni, da an huta.

Total War shi ne inda zuciyata ta fi karkata, don haka ka yi haƙuri in ɗan daɗe a nan. Medieval II, ɗaya daga cikin jerin Total War, ya fito a 2006. Kusan shekara ashirin masoya suna roƙon na uku, suna raya tsohon da gyare-gyarensu na kansu irin su Stainless Steel. A Disamban 2025 Creative Assembly, mai ƙera Total War, ta sanar da Medieval III, a kan sabon inji mai suna Warcore, ta kuma sanar da Total War na duniyar Warhammer 40,000. Amma sun faɗa ƙarara cewa Medieval III yana matakin farko-farko ne, hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne. Ka lissafa shekaru, kada ka lissafa watanni. Na Warhammer zai riga shi fitowa a hasashena, kuma shi ne zai zama gwajin sabon injin. Wannan ma alheri ne ga masu son tarihi, don Rome II na 2013 ya fito da kurakurai masu yawa, sai da aka shafe kusan shekara ana yi masa faci, wato gyaran kurakurai, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Gara wani wasan ya fara taka ƙayar.

Me nake so a Medieval III? Na farko ƙawanyar birni. Yaƙin wancan zamani rabinsa zaman ganuwa ne: a tsare hanya, a jira yunwa, a haƙa rami ƙarƙashin katanga, a nemi mai gadin ƙofa da za a saya. Medieval II yana da ƙasaitattun garuruwa masu ganuwa hawa uku, ka fasa ta waje ka tarar da wata a ciki. Wasannin baya-bayan nan sun mayar da ƙawanya tseren hawa tsani. Ina so ganuwa ta koma abin tsoro, har sarki ya yi tunani sau biyu kafin ya kai mata hari. Sannan a dawo da 'yancin fitar da ƙaramar runduna ba tare da janar ba. Tun daga Rome II aka ɗaure kowace runduna da janar, aka ƙayyade yawansu, sai yaƙi ya koma karon manyan dunƙule biyu masu rukuni ashirin-ashirin. An rasa ɗan ayarin barade da ke tsare mashigar dutse, da 'yan baka hamsin da ka bari a gada suka ceci lardi. Diflomasiyya kuwa ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba, a ɗauko ta Total War: Three Kingdoms na 2019, inda kake ganin abin da abokin ciniki ke so da nauyin kowane tayi, a ɗora mata auren siyasa da rikicin gado. Taswira ma a faɗaɗa ta. A Medieval II Timbuktu tana can ƙasan taswira, garin da ake tura ɗan kasuwa ya kwaso zinariya, alhali Mali ta zamanin Mansa Musa, wanda ya yi hajjinsa a 1324, daula ce da ta isa a buga ta. Haka Mongol, a bar mu mu ga inda suka taso, maimakon su faɗo daga gefen allo.

Ina da dalilin kyautata zato ga kamfanin. Shekarar 2023 ta yi musu zafi: 'yan wasa sun yi bore kan farashin ƙarin Shadows of Change, Sega mai kamfanin ta soke wasansu Hyenas, Total War: Pharaoh bai samu karɓuwa ba. A Disamban shekarar suka nemi afuwa a fili, suka rage kuɗin Pharaoh, a 2024 kuma suka faɗaɗa shi kyauta da Dynasties, har da Mesofotamiya da yankin Girka. Kamfanin da ya sha irin wannan yakan fi sauraro.

Wasannin nan-take, irin na gina sansani da tara ma'adinai, zan wuce su da sauri. Kamfanin Blizzard ta daina yi wa StarCraft II sabon kayan sayarwa a Oktoban 2020, kuma ko da yake Microsoft ta mallake ta a 2023, ba na sa ran StarCraft III nan kusa. Stormgate, wanda tsofaffin ma'aikatan Blizzard suka ƙera, bai tara jama'ar da aka zata ba, kuma masu zuba kuɗi sun ga hakan. Darasin a wurina shi ne yawancin masu son irin wannan wasa labari suke so da yaƙi da kwamfuta tare da aboki, 'yan gasa tsiraru ne. Tempest Rising na 2025 ya kama wannan, Dawn of War IV da aka sanar zai zo a 2026 ma ya fi jaddada labari. Age of Empires II kuwa, ɗan 1999, zai ci gaba da samun sababbin al'ummomi muddin akwai kusurwar taswira da ba a taɓa ba. Abin sha'awa, masu riƙe da shi yanzu, Forgotten Empires, asalinsu masoya ne da suka yi gyaran sa-kai aka ɗauke su aiki. XCOM 3 ma kada ka riƙe numfashi: Jake Solomon, wanda ya jagoranci na 2012 da na 2016, ya bar Firaxis a 2023. Mai ƙishirwar irin wasan ya dubi Star Wars Zero Company, aikin tsofaffin 'yan Firaxis a kamfanin Bit Reactor.

Yanzu ga babban burina, wanda ya shafi duk waɗannan wasanni, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya in bar sauran, shi zan zaɓa: abokin gaba mai hankali. Ka lura, idan ka ɗaga matakin wahala a Civilization, kwamfuta ba ta ƙara wayo. Ƙarin mazauna ake ba ta tun farko, da ƙarin saurin gini da ƙarin ƙarfin soja. Sai farkon wasa ya zama tsira da ƙyar, ƙarshensa ya zama yawo. Dalilan suna da yawa. Tun da Civilization V ya hana tara sojoji a gida ɗaya, motsa runduna ya zama lissafi mai wuya: maharba a baya, dakaru a gaba, a ratsa tsakanin dutse da kogi ba tare da cunkoso ba. Mutum yana gani da ido ɗaya, kwamfuta kuwa dole ta yi wa ƙasashe goma wannan lissafi cikin daƙiƙoƙin da ɗan wasa zai iya jira. Sannan kowane ƙari yana kawo sabon tsari da sai an koya mata, yawanci kuma lokacin koyarwar ne ake fara yankewa idan ranar fitarwa ta matso. Ga kuma gaskiyar kasuwa: sabon shugaba ana nuna shi a tallan minti biyu, kwamfutar da ta iya janye sojanta kafin a kewaye su ba ta nunuwa a talla.

Za ka ce ai AlphaStar, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin DeepMind, ya kai matakin manyan gwanaye a StarCraft II tun 2019. Haka ne, amma da tarin na'urori aka horar da shi a kan ƙa'idojin da ba sa motsi, wasan da ake yi wa faci duk wata biyu kuwa ƙa'idojinsa ba sa zama. Kuma ba wanda ke son abokin gaba da zai murƙushe shi kullum. Soren Johnson, wanda ya jagoranci Civilization IV, ya daɗe yana bayanin cewa aikin kwamfuta a irin wannan wasa shi ne ta ba ka yaƙi mai daɗi, ta yi halin sarki mai fushi da alfahari da riƙon alkawari. Wasansa Old World ya nuna abin yana yiwuwa: an taƙaita tarihin zuwa zamanin dā, an ƙayyade yawan umarnin da sarki zai iya bayarwa a kowane juyi, sai kwamfutar ta zama abin shakka ba tare da an cika mata aljihu ba. Masu gyaran Vox Populi ma sun yi wa Civilization V irin wannan aiki a matsayin sa-kai. Idan 'yan sa-kai sun iya, uzurin manyan kamfanoni ya ragu.

Wannan buri yana tafe da ɗan'uwansa, wato ƙarshen wasa mai ma'ana. Total War: Shogun 2 ya sa duk sauran sarakuna su juya maka baya idan ka yi ƙarfi da yawa. Total War: Attila ya saukar da mayaƙan Hun da sanyi mai cinye gonaki. Stellaris yana da annobar ƙarshen zamani da ke tilasta wa abokan gaba haɗa kai. Duk ƙoƙari ne mai kyau, amma daga waje ake jefo matsalar. Abin da nake jira shi ne wasan da girman daula da kansa zai zama nauyinta: hakimin nesa ya fara jin kansa, saƙo ya daɗe a hanya, haraji ya zube kafin ya iso fada, 'ya'yan sarki su raba sojoji. Europa Universalis V ya taka wannan hanya da tsarin da ikon gwamnati ke raguwa gwargwadon nisan yanki daga babban birni, kuma ina fatan sauran za su kwaikwaya.

Saura batun saye. Shawarata ka sayi abin da ke cikin wasan yau, kada ka sayi alkawari, don sayen kifi a ruwa ne. Imperator: Rome na Paradox ya fito a 2019, ya gyaru sosai, amma aka dakatar da aikinsa a 2021. A shekarar aka rufe ƙarin Three Kingdoms alhali ana jiran wani. A farkon 2025 aka soke ƙarin da aka riga aka sanar wa Age of Empires III. Ka kuma tuna cewa Steam na mayar da kuɗi ne idan ba ka wuce awa biyu kana wasa ba cikin kwana 14, awa biyu kuwa a wasan dabaru ko ganuwar farko ba ka gama ba, lahanin irin waɗannan wasanni sai a awa ta talatin yake bayyana. Don haka ga wasa mai lamba sabuwa, ka ba shi wata shida zuwa shekara, ko ka jira babban ƙari na farko. Kafin nan akwai Civilization VI da duk ƙarinsa, akwai Three Kingdoms, akwai Old World, duk sun nuna sun kai.

Idan kuma an saki bidiyon farko na ainihin wasan Medieval III, kada sulke mai ƙyalli ya ɗauke maka hankali. Ka nemi wurin da ake nuna ƙawanya, ka zuba ido a kan sojojin kwamfuta: da aka fasa ganuwa, sun ja da baya zuwa katanga ta biyu cikin tsari, ko sun tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa ana harbinsu?